A Yi Hattara da Masu Fakewa da Binciken Kimiyya Kan Ƙanjamau

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi bayani kan wani batu da ya dame ni, kasancewata ma'aikacin ɗakin gwajin jini wanda ya daɗe yana auna yawan ƙwayar HIV a jinin masu ɗauke da ita. Kwanan nan na ji wani mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa yana cewa Turawa da kansu sun gano cewa abinci da kitse ne ke kashe ƙwayar, don haka garin da yake sayarwa ya wadatar. Maganar tasa ta samo tushe daga wani bincike na gaskiya, amma ya murɗe ta, kuma murɗewar na iya halaka mutane.

Gaskiya ne akwai wasu mutane ƙalilan, waɗanda ba su kai ɗaya cikin ɗari na masu ɗauke da ƙwayar ba, da jikinsu ke danne ta shekara da shekaru ba tare da sun sha magani ba, har idan an auna jininsu sai a samu ƙwayar ba ta kai kwafi 50 a cikin mililita ɗaya ba. Masana sun daɗe suna bibiyar waɗannan mutane, musamman a Cibiyar Ragon da ke Cambridge kusa da Boston a Amurka, da Cibiyar Pasteur ta birnin Paris a Faransa, inda aka fara gano ƙwayar a 1983. An lura cewa da yawansu sun gaji wasu alamomin halitta, irin su HLA-B57 da HLA-B27, waɗanda ke taimaka wa garkuwar jiki ta gane ƙwayar halittar da cuta ta shiga. Sai dai gadon kaɗai bai warware zancen ba, domin akwai masu wannan alama da cutar ta ci ƙarfinsu, akwai kuma marasa ita da suka danne ta.

A nan ne batun makamashi ya shigo. Daga cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira CD8, aikinsu shi ne su farauto duk ƙwayar halittar da HIV ta ɓuya a ciki su kashe ta. Wannan yaƙi ne mai cin ƙarfi, kuma kowace ƙwaya tana da hanyar da take samun kuzarinta. A 2019 tawagar Asier Sáez-Cirión ta Cibiyar Pasteur ta wallafa abin da ta gano bayan ta kwatanta CD8 na masu danne cutar da na sauran masu ɗauke da ita. Na sauran mutane sun dogara kusan kacokan ga ƙona sukarin gulukos cikin gaggawa, kamar wutar kara da ke tashi da ƙarfi ta mutu nan take, ta yadda idan aka hana su sukarin a ɗakin gwaji sai aikinsu ya durƙushe. Na masu danne cutar kuwa ba su ta'allaƙa ga sukari kaɗai ba, suna kuma amfani da wasu ƙananan sassa na cikin ƙwayar halitta da ake kira maitokondiriya, inda ake ƙona abinci a hankali tare da iskar da muke shaƙa, har da kitse, kamar garwashin kirya da ke kwana da zafinsa. Shi ya sa suke jure dogon yaƙi ba su gaji ba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, da masanan suka zuba wa raunanan ƙwayoyin wani sinadarin garkuwar jiki mai suna IL-15, sai suka koyi amfani da waccan hanya ta biyu, ƙarfinsu na danne HIV ya ƙaru. Tawagar ta kuma nuna cewa ita kanta HIV ta fi samun shiga ƙwayoyin CD4 (fararen ƙwayoyin jinin da take kai wa hari) waɗanda ke ƙona makamashi da yawa, kuma idan aka rage musu ƙona sukari a ɗakin gwaji, kamuwarsu na raguwa.

To, Malam Edita, duk wannan a cikin kwalaben gwaji ya faru, a kan ƙwayoyin da aka ciro daga jinin mutane. Kitsen da ake magana a kai shi ne wanda ƙwayar halitta ke sarrafawa a cikinta bisa tsarin da aka halicce ta da shi, kuma mutum ba zai sauya wannan tsari ba don ya ƙara man shanu a tuwo ko ya daina shan shayi da sukari. Su kansu masu danne cutar ba dukansu ke dawwama a haka ba, wasu bayan shekaru ƙwayar takan kuɓuce musu, sai su koma ga magani.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne wata baiwar Allah da na sha ɗibar jininta. Ta yi shekaru tana shan ƙwayar maganinta ɗaya a kullum, sakamakonta kullum yana fitowa ba a ga ƙwayar HIV ba, ta yi ƙiba, tana sana'arta ta ƙosai. Wani ya ce mata wannan sakamako na nufin tana cikin masu ƙarfin jini, sai ta ajiye maganin ta koma ga garin da ake damawa a kunu. Da aka dawo da ita bayan watanni, ɗanta ne ke riƙe da ita, tana tari, hannunta ya rame har na sha wahalar samun jijiya. Ba ta gane cewa maganin ne ya ɓoye ƙwayar ba, kuma babu wanda ya zaunar da ita ya fayyace mata bambancin da harshen da take ji. Wannan laifin namu ne, mu ma'aikatan lafiya.

Ƙididdigar da aka yi a 2018 ta nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da HIV a Nijeriya, kuma mun ga abin da ya faru a Gambiya daga 2007, lokacin da shugaban ƙasar na wancan lokaci, Yahya Jammeh, ya yi iƙirarin warkar da cutar da haɗin ganyayyaki, aka sa marasa lafiya suka bar magungunansu. Saboda haka nake kira ga hukumar NACA mai yaƙi da ƙanjamau da gidajen rediyonmu su riƙa kawo irin wannan bincike da Hausa, daga bakin likitoci, kafin masu lasifika su riga su. Ina kuma roƙon jami'o'inmu da ke da asibitocin koyarwa su nemo masu danne cutar a cikinmu su yi nazarin jininsu, domin alamomin halittar da muka gada ba lallai su zo daidai da na mutanen Paris ko Boston ba.

Ga duk wanda aka ce masa ba a ga ƙwayar a jininsa ba alhali yana kan magani, ya ci gaba da sha, kada ya tsallake ko kwana ɗaya sai da izinin likitansa.

Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini,
Zariya.