Zuwa ga mutumina Bazazzage, daga ƙasar ƙanƙara

Uppsala, Suwidin
Daren Lahadi

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da amarya da yara, da su Hajiya. Na san ka yi fushi. Saƙonninka na murya guda uku suna nan ban amsa ba, na ƙarshen ma har tsakin da ka ja kafin ka kashe na ji. Ka yi haƙuri. Maganar filin nan da ka tambaya zan zo kanta, amma bari in fara sauke abin da ke raina, don tun ranar Alhamis nake neman wanda zan faɗa wa, kuma ba magana ce ta waya ba.

Hutun ƙarshen shekarar nan mun yi shi ne a wani gari da suke rubutawa Åre, amma a baki Ore ake cewa. Yana can arewa maso yamma, a lardin Jämtland, dab da iyakar Norwe. Wani abokin aikina ne ya ba mu aron ɗan gidan katako na iyayensa a Duved, ƙauyen da ke gaba da shi kaɗan, ya ce in kai yara su ga dutse. Da farko na ƙi. Maman Ummi ce ta matsa, ta ce shekara biyu muna ƙasar mutane, daga gida sai wurin aiki sai kanti, yaran nan sun zama kamar kajin gidan gona. Muka hau jirgin ƙasa, sama da awa shida muna keta daji, muka wuce Östersund, daga nan ko'ina fari fat, itatuwa sun sunkuya saboda nauyin dusar ƙanƙara.

Kai da kake sa rigar sanyi biyu da hular kunne a Samaru da zarar hunturu ya leƙo, har ka ƙi fita sallar Asuba sai an jawo ka, ban san yadda za a yi da kai a can ba. Ranar da muka isa ma'auni ya nuna 14 ƙasa da sifili. Numfashinka kana ganinsa, gashin hancinka yana daskarewa. Su kuwa mutanen ƙasar cewa suke yi babu mugun yanayi, sai dai mugun tufafi, kuma na yarda da su yanzu. Ulu ake sawa a jikin fata, ba auduga ba, domin auduga tana riƙe gumi, gumin ya huce a jikinka ya zame maka bala'i. A kan ulun a ɗora mai kauri, a kan wannan kuma wadda iska ba ta ratsawa. Da muka bi wannan tsarin, wallahi har zufa na yi a kan dutse.

Dutsen sunansa Åreskutan, tsayinsa mita 1,420. Sau uku ana yin gasar duniya ta zamiyar ƙanƙara a wurin, 1954 da 2007 da 2019, don haka ba ƙaramin wuri ba ne a wajensu. Abin da ya ba ni sha'awa, tun asali ba wasa ne ya fara kawo baƙi ba. Bayan layin dogo ya iso a 1882, masu neman lafiya ne suka riƙa zuwa shaƙar iskar dutse, musamman masu ciwon ƙirji. Akwai wani ɗan jirgi da igiyar ƙarfe ke ja ya hau gangaren tun 1910, har yau yana aiki, mun shiga. Abba ya ƙi sauka sai da muka yi sawu biyu.

To, ga maganar.

Ka san halin da Ummi ta shiga tun zuwanmu. Yarinyar da a Kano sai an ce ta yi shiru, wadda ta hana ka barcin rana a gidanmu da tambayoyi, ta zo nan ta kulle bakinta. Malamarsu ta kira mu har sau biyu, ta ce tana fahimtar darasi, rubutunta ma ya fi na wasu, amma lokacin tara sai ta tsaya jikin bango ita kaɗai. Ban taɓa gaya maka yawan daren da na kwana ina juyi a kan wannan ba. Har na fara lissafin ko in ajiye aikin mu tattara mu dawo, don ban ga amfanin albashin da zai cinye mini 'ya ba.

Muka sa su a ajin koyon zamiya na yara a wani sashe da ake kira Björnen, inda gangaren ba shi da tsanani. Aka ba ta takalma masu tauri kamar an zuba siminti, da dogayen katakai biyu, da hular kwano. Abin da ake fara koya musu shi ne tsayawa: ka haɗe kawunan katakan a gaba, ka buɗe bayansu, sai gudu ya ragu. Ranar farko ta faɗi ya fi a ƙirga, ta dawo ba ta ce uffan ba, ta sha kunun gyaɗa ta kwanta. Na ce da uwarta gobe a bar ta ta huta. Da Asuba sai ga ta ta riga kowa shiri, tana zaune a bakin ƙofa da safar hannu.

Hanyoyin gangarowa launi-launi ne gwargwadon wuyarsu. Kore na 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, baƙi kuwa na waɗanda suka ƙware ne. Rana ta huɗu ina tsaye a ƙasa riƙe da fulas, sai na hango jar rigarta a kan shuɗiyar hanya, tana karkatowa dama da hagu, wata yarinya sa'arta tana biye da ita. Dariya suke yi. Ɗan'uwa, dariyar nan da ka sani, mai ƙarfi, wadda Hajiyarmu take cewa irin ta kakarta ce. Shekara biyu ban ji ta ba. Ta zo gabana ta ja birki, ƙanƙara ta fantsamo mini a wando, ta ɗaga hannu ta ce, "Pappa, titta!"

Ma'anarsa, Baba duba. Na duba kuwa, na rungume ta, hawaye ya zubo mini, ban ɓoye ba. Sai da dare, kowa ya yi barci, abin ya dawo mini ta wata fuskar. A lokacin da farin ciki ya cika ta har ya tumbatsa, da bakin mutanen nan ya fito. Ba Baba ta ce ba. Tun daga ranar bakinta bai rufu ba, alhamdu lillahi, sun karɓi lambar uwar yarinyar, 'yan Stockholm ne, har an yi alkawarin ziyara. Amma na kasa kunne, rabin hirarta da Abba yanzu ba da Hausa ba ce. Na roƙi Allah ya buɗe mata baki, ya buɗe, ina godiya, kuma ga ni da wani sabon nauyi a ƙirji.

Af, kafin in manta, da gaske ne abin da nake ji wai Kawu ya sayar da tsohuwar motar nan? Wadda muka tura tun daga Kwanar Dangora? Idan gaskiya ne ka gaya wa wanda ya saya ya nemi ƙarti huɗu ya ajiye. Kuma an ce mai shayin ƙofar gidanku ya ƙara aure bai gayyace ka ba, ai ka ga sakamakon bashi.

Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne salla. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa a can sai wajen ƙarfe goma saura, kafin biyu da rabi ta faɗi. Ko da ta fito ma ba ta hawa sama, tana rakuɓe ne a gefen duwatsu kamar hantsi, ta koma. Kana idar da Azahar, ka ɗan juya, La'asar ta shiga, kafin ka sha ruwan zafi an yi Magariba. Da yake matafiya ne mu, haɗawa muka riƙa yi da ƙasaru, mu yi alwala a gida mu sa safa mai kauri. Bayan duhu ya shiga sai su kunna manyan fitilu a kan wasu hanyoyin, mutane su ci gaba da zamiyarsu. Abinci kuwa da kanmu muka dafa, kifi da dankali da shinkafa, da yajin da amaryarka ta aiko, wanda saura kaɗan ya ƙare, ka isar da saƙo.

Mun je wani mafaɗar ruwa da ake kira Tännforsen, ba nisa daga Duved, tsayinsa mita 38. Gefe da gefe ya daskare ya zama ginshiƙai, ruwan yana ruri ta tsakiya. A hanyar dawowa muka ci karo da garken barewar nan mai ƙaho kamar reshen bishiya, sun tare titi suna lasar gishirin da ke kai. Ba na daji ba ne, dukiyar mutane ce, wata al'umma da ake kira Sami, makiyaya ne tun kaka da kakanni, da harshensu daban da tufafinsu. Rani su hau da dabbobin kan duwatsu, hunturu su gangaro daji, kowane gida da irin tsagar da yake yi a kunnen nasa. Na tuna mutanen rugar bayan gonarku. Har saɓani a kan wurin kiwo suna da shi, su da masu gandun daji da masu haƙar ma'adinai. Abokin aikina ya ce akwai zamanin da makarantun gwamnati suka raba yaransu da harshen iyayensu, yanzu jikoki ne ke komawa aji suna koyon abin da kakanninsu suka sha a nono. Ina jin haka na waiwaya na kalli Ummi a kujerar baya.

Shawara nake nema, kai da ka yi shekaru kana koyarwa. Maman Ummi ta ce mu kafa doka, daga bakin ƙofa zuwa cikin gida ba a yin kowane harshe sai Hausa. Ni kuma tsoro nake kada mu matsa mata ta sake rufe bakin da ya buɗu da ƙyar. Tunanin da nake yi shi ne dogon hutunsu na bazara, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Agusta, in turo su ita da Abba da uwarsu su yi shi cur a gida, sati biyu a ciki a wurinku, ta shiga cikin 'ya'yanka ta yi 'yar gala-gala da carafke, ta je Islamiyya da su. Kana ganin wata biyu a shekara zai riƙe harshe? Ka tambayi Hajiya ma, ita da ta riƙe jikokin da aka haifa a Sudan, ta san yadda ta yi da su.

Ummi ta ce in gaya maka wai in ka zo za ta koya maka zamiya, amma a koren layi za ka tsaya, don ta ji labarin yadda ka yi da keken Kawu. Na ɗauki bidiyonta, zan tura maka gobe in na shiga ofis. Ka nuna wa Hajiya, ka ƙara sauti sosai yadda za ta ji dariyar.

Dare ya yi, gobe akwai aiki, ga Abba ya farka yana neman ruwa. Ka gaishe da amarya, da Malam Babba, da duk 'yan majalisa. Ka amsa da wuri, kada ka rama.

Naka har kullum,
Baban Ummi