Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Al'adu na Jamhuriyar Nijar a kan Zalika Souley

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wata uwa tamu da Allah ya yi wa rasuwa a Yamai cikin watan Yulin 2021, wato 'yar wasan fim Zalika Souley. Kwanakin baya na tambayi wasu 'yan makaranta a unguwarmu ko sun san ta. Babu ko ɗaya. Amma ina ambaton taurarin finafinan Kano da na Indiya sai suka shiga rige-rigen kawo sunaye. Ban ga laifin yaran ba, ba a taɓa nuna musu ita ba ne.

An haife ta a Yamai a 1947. Ba ta cika shekara 20 ba Moustapha Alassane ya sa ta a fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier a 1966, lokacin da ko a manyan biranen Afirka ta Yamma da wuya ka ga mace ta tsaya gaban kyamara. Daga nan ta yi aiki da mai shirya finafinai Oumarou Ganda a Cabascabo, wanda aka nuna a bikin finafinai na Kan a Faransa a 1969, sannan Le Wazzou polygame. Wannan na biyun shi ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972, karon farko da aka ba da ita. Har gobe idan ana lissafin abin da ƙasarmu ke tinƙaho da shi a harkar silima, da wannan kyauta ake farawa.

To me ita ta samu? A Le Wazzou polygame ta fito a matsayin matar da kishi ya rufe wa ido saboda mijinta zai ƙaro amarya, har ta kai ga zubar da jini. Ta iya wasan har ya zame mata laifi. Mutane suka kasa raba ta da matar da suka gani a majigi, ana yi mata kallon mai mugun hali, wasu ma suna kiranta da sunan da ba zan rubuta shi a nan ba. Da kasuwar fim ta faɗi bayan shekarun 1980, gidajen silima suka rurrufe, sai aka manta da ita. Wanda ya kalli Al'lèèssi, fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi a kan rayuwarta, ya ga inda abin ya tsaya: ɗaki biyu a Yamai, ita da 'ya'yanta, abin sakawa a bakin salati ma sai an yi fama. A ƙarshe sai da ta bar ƙasa ta je aikatau a gidajen mutane. Ranka ya daɗe, ranar da na kalli wannan wuri hawaye na yi.

Abin ya taɓa ni ne don na san irinsa a gidanmu. Gwaggona ta yi wasan kwaikwayo a ƙungiyar samariya a Damagaram zamanin Seyni Kountché, lokacin da kowace jiha ke tura 'yan wasanta bikin matasa na ƙasa. Tana da wata tsohuwar akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ciki akwai zanen saƙi da take ɗaurawa idan za ta fito a tsohuwa, da hoto guda da ya fara dishewa. Aurenta na farko a kan wannan wasa ya watse, dangin miji suka ce ba za su zauna da 'yar dirama ba. Yanzu ido ya yi rauni, kuɗin magani sai an yi karo-karo. Irinta suna nan a Maraɗi da Tawa da Dogon Dutsi, matan da gwamnati ta yi amfani da bakinsu wajen wayar da kan jama'a a kan rigakafi da karatun 'ya mace da auren dole.

An kyauta wa Oumarou Ganda, kuma ya cancanta: ga cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai, ga kyauta mai sunansa a FESPACO. Matar da ta tsaya gaban kyamararsa fa?

Roƙona gare ka shi ne ma'aikatarka ta nemo kwafi masu kyau na waɗannan finafinai daga ma'ajiyoyin da ke riƙe da su a waje, a yi musu fassara da Hausa da sauran harsunanmu, a sa su a Télé Sahel, a kai su makarantu da majigi. A ba wani zaure ko wata kyauta ta 'yan wasa mata sunan Zalika. Sannan a tura ma'aikata jiha-jiha su rubuta sunayen tsofaffin 'yan wasan daɓe mata da ke raye, a naɗi muryarsu, a ɗauke musu kuɗin likita. Wannan na ƙarshen shi ne mai gaggawa, domin akasarinsu sun haura shekara 60.

Allah ya jiƙan Zalika, ya sa Aljanna ce makomarta. Kai kuma Allah ya taya ka riƙo.

Wassalam,
Wani ɗan ƙasa daga Damagaram