Wasiƙar Godiya Ga Gidan Arewa, Kaduna, Da Masu Tallafa Masa

Zuwa ga Darakta da ɗaukacin ma'aikatan Gidan Arewa, Titin Rabah, Kaduna.

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in yi muku godiya a bainar jama'a, ni da ɗaliban da nake koya wa Tarihi a wata sakandare da ke Tudun Wada, saboda hidimar da kuke yi wa ilimi ba ta kamata a yaba ta a ɓoye ba.

Tun daga 1970 da aka kafa wannan cibiya ta bincike da adana tarihi a harabar gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya aza harsashin Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, take tattara abin da da tuni gara da damina sun cinye shi. Da muka kawo ɗalibai ziyara, wani ma'aikacinku ya buɗe mana wani tsohon rubutun hannu na Larabci wanda gefensa ya fara marmashewa, yana ɗaga warƙa ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu biyu, yana nuna wa yara inda marubucin ya sauya tawada zuwa ja, da sharhin da wani almajiri ya cusa a gefe da ƙananan baƙaƙe. Bai ƙosa da tambayoyinsu ba, alhali wasu tambayoyin na ƙuruciya ne. Wata ɗaliba da ke son karanta Tarihi a jami'a, amma ake ce mata a gida ba a cin abinci da shi, ta fito daga ɗakin nan da hujjar da za ta kai wa mahaifinta.

Wannan magana ta iyaye ita ce ta fi damuna, domin ba ta rasa dalili ba, amma ba ta cika ba. Likita da injiniya abin buƙata ne, babu mai musu. Sai dai a jiha irin tamu, inda gardama kan iyakar gona, ko sarauta, ko wanda ya riga wani zama a gari takan kai ga asarar rayuka, muna matuƙar buƙatar mutanen da jami'a ta horar su karanta wasiƙun sarakuna da rahotannin jami'an mulkin mallaka, su auna su da abin da dattawa suka faɗa da baki, sannan su bambance abin da ya tabbata da jita-jita. Wannan horo a sassan Tarihi, Hausa, Larabci da adabi ake samun sa, kuma shekarun da aka cire Tarihi daga manhajar ƙananan makarantu sun nuna mana illar sakaci da shi.

Saboda haka godiyata ta haɗa da iyalan da suka danƙa muku littattafai da takardun iyayensu maimakon su kulle su a adaka, da duk wanda ya sa dukiyarsa a wannan aiki. Asusun TETFund yana tallafa wa jami'o'in gwamnati daga harajin ribar kamfanoni, amma ba zai wadatar shi kaɗai ba. Attajiranmu sun fi sha'awar gina zauren da za a liƙa sunansu a kai, ni kuwa a ganina wanda ya sayi na'urar ɗaukar hoton tsofaffin takardu, ko ya ɗauki nauyin ɗalibin digiri na biyu har ya kammala bincikensa, ya fi cancantar yabo, domin ya bayar a inda ba a buga masa ganga.

Ina roƙon ku da ku riƙa sanar da makarantun Kaduna lokutan laccocinku tun da wuri, domin mu samu damar kawo ɗaliban ajin ƙarshe. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan magabatan da suka kafa wannan gida.

Naku,
Wani malamin Tarihi,
Tudun Wada, Kaduna.