Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga 'Yan Ƙungiyarmu Ta Kafintoci

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, shugaba, masu shaguna da yaranmu masu koyo, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Kamar yadda aka saba, ni magatakarda nake kawo bayanin ayyuka, ma'aji kuma ya kawo lissafin kuɗi a takarda daban. Mai jiran ya ji nawa ya shigo nawa ya fita ya ɗan yi haƙuri, takardarsa tana tafe.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a bana, daga cikinmu da cikin iyalanmu. Mun je gaisuwa duk inda labari ya iso mu da wuri. Inda ba a gan mu ba, ba raini ba ne, ba mu ji ba ne, kuma muna roƙon wakilan unguwanni su riƙa ɗaga waya.

Ba sai na faɗa wa kowa yadda shekarar ta zo mana ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi, kafin bana ta ƙare kuwa litar fetur ta haura naira 1,000. A watan Afrilu aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta awanni da yawa, zuwa naira 225 kowane yunit. Sai ga Oktoba, Arewa ta kwana ta wuni cikin duhu kwana da kwanaki bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, daidai lokacin da iyayen amare suka fara zarya a kan gado da sif da madubi. Duk wanda ya kai katako inji a Na'ibawa 'Yan Katako, kasuwar katako ta nan Kano, a makonnin nan ya ga layi, ya kuma ji sabon farashin guga. Wannan ne ya sa babban aikin ƙungiya a bana ya zama abin da ba mu rubuta shi a tsarin farkon shekara ba, wato komawa ga magogin hannu na katako, wanda muke kira filen.

Abin ya faro ne a taron bayan ƙaramar Sallah. Ana cikin kukan kuɗin mai, sai ɗaya daga cikin dattawanmu ya kwance wani tsumma ya fito da tsohon filen da ya gada daga maigidansa. Gangarsa, wato katakon jikinsa, ta yi baƙi don tsufa, gurbin babban yatsa ya lotsa a gefe, a jikin ƙarfen kuma akwai tambarin garin Sheffield na Ingila. Wani yaro daga baya ya ce, "Baba, wannan ai Gidan Makama ya kamata a kai shi." Aka yi dariya. Baba bai tanka ba. Ya ce a miƙo masa guntun maɗaci da 'yar guduma. Ya ƙwanƙwasa sau uku, ya kanne ido ɗaya ya leƙa, ya ƙara sau ɗaya, ya tura. Sassaƙe ya fito a naɗe tun daga farkon katakon har ƙarshe bai tsinke ba, ya ɗaga shi sama muna hango hasken taga ta cikinsa. Yaron nan shi ya fara rubuta sunansa a zaman koyo. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu magana.

Muka tsayar da safiyar Juma'a, sau biyu a wata, a shagon shugaba. An yi zaman daga bayan Sallah har hunturu, ban da farkon Agusta da dokar hana fita ta tsare kowa a gida.

Abin da muka gano tun zaman farko ya ɗan ba mu kunya. Yawancin yaranmu, har da wasu masu shaguna, sun iya tura filen amma ba su iya saita shi ba. Mun saba da filen ƙarfe na Stanley lamba 4 da lamba 5, ka murɗa sukuru ƙarfe ya sauko, ka karkata ɗan hannu ya daidaita. Wasu ma sun ɗauka na ƙarfen shi ne na asali, alhali ƙaramin yaro ne a sana'ar: sai a 1869 kamfanin Stanley na Amurka ya sayi fasahar Leonard Bailey, kafintocin duniya kuwa sun yi ɗaruruwan shekaru suna guga da na katako kafin nan. Shi na katako abu huɗu ne kacal, ganga, ƙarfe mai kaifi, murfin da ake ɗaure wa ƙarfen, da weji, wato ɗan katakon da ke matse ƙarfen a cikin ganga. Duk saitinsa a bakin guduma yake.

Zan maimaita yadda Baba ya koyar saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Ka ɗora filen a kan katako mai lebur, ka zura ƙarfe har ya taɓa ƙasa, ka tura weji da babban yatsa, sannan ka ɗan ƙwanƙwasa shi. Ka kife filen ka leƙa ta hanci, idonka yana bin tafinsa. Abin da kake nema baƙin layi ne siriri kamar silin gashi, kaurinsa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. In kana son ya ƙara ci, ka bugi kan ƙarfen. In ya ci da yawa, ka bugi ƙeyar gangar, ƙarfen zai ja da baya da kansa. Dogon filen kuma a saman hancinsa ake bugu. In gefe ɗaya ya fi fitowa, ka taɓa ƙarfen ta gefe. Abin da kowa yake mantawa shi ne duk bugun da ka yi wa ganga yana sassauta weji, dole ka koma ka zaunar da shi, in ba haka ba tura biyu ƙarfen ya zame. Kunne ma yana aiki a nan, domin ƙarar weji tana sauyawa idan ya zauna, daga nan ƙari ɓarna ne. Baba yakan ce wa yaro, "Kai ɗan nan, ba ƙusa kake bugawa ba. Yi kamar mai sallama a ƙofar surukai."

Ni ne na fara karya wannan doka, gara in faɗa da bakina kafin a faɗa mini. A zama na biyu ƙarfe ya ƙi ja baya, na ɗauki gudumar ƙusa na sakar wa ƙeyar wani filen da aka aro, sai ji muka yi ƙas, kuncinsa ya tsage daga bakin weji. Na biya, kuma tun ranar aka sa doka: gudumar katako ko ƙaramar guduma mara nauyi kawai ake shiga da ita zaman.

Wasa ƙarfe ya ci mana zama uku, kuma bai ishe mu ba. Ƙarfen yana kwance a ganga a kan digiri 45. Bakinsa ana fere shi a kan 25, a gama wasawa a kan 30 ko kusa da haka. Da yawanmu ba ma taɓa bayan ƙarfen, alhali in bayan bai kwanta lebur a dutse ba, kaifin na ƙarya ne. Sai ka ji ɗan gashin ƙarfe ya taso ta baya, ka kwantar ka share shi, ka ƙarasa a kan fata. Fata dai ba a Kano za a rasa ta ba. Filen cin farko, wanda ke kwashe sawun zarto, ana ɗan lanƙwasa bakinsa kamar jinjirin wata don ya ci da zurfi ba tare da kusurwa ta yi zane ba. Dogon, mai inci 22, shi ke miƙar da gefen da za a haɗa da gam. Gajeren shi ke gamawa, kuma a kansa aka fi jayayya, saboda maɗaci. Kowa ya san halin maɗaci, jijiyarsa a sarƙe take, ka bi ta nan ya yi santsi, ɗan gaba kaɗan ya ɓantare. Maganin da muka gwada muka gani shi ne a matso da murfi dab da bakin kaifi, ƙasa da rabin milimita, a rage ci, a ɗan karkata filen wajen turawa. Murfin yana karya sassaƙen kafin ya tsaga gaba. Amma sai leɓen murfin ya kwanta a kan ƙarfe ba ko ƙofar iska, in ba haka ba sassaƙe ya cusa tsakani ya toshe bakin filen, wato ramin da sassaƙen ke bi ya fito. Iroko kuma wani lokaci akwai farin abu kamar dutse a cikinsa, yana dakushe ƙarfe nan take, don haka a duba kafin a tura.

Da yake tsofaffin filen ba su da yawa a gari, sai muka ce mu sassaƙa namu. Na Ingila da icen da suke kira bic ake yin su, mu ba mu da shi, sai muka gwada na gida: ƙirya, marke da kawo. Ƙirya ta fi kowa jure guga, ba banza ake taɓarya da ita ba, sai dai huda bakin da cizal aiki ne na mai haƙuri. Malaina da obeche ba su yi ba, sun yi laushi, tafin yana cinyewa. An kawo shawarar maɗobiya, shugaba ya hana, kuma ina bayansa. Icen nan an yi masa kisan kiyashi a dazukan Taraba ana lodi zuwa Sin, har aka sa shi cikin jerin yarjejeniyar CITES, mai kare itatuwa da dabbobin da fatauci ke neman ƙararwa, a 2016, aka dakatar da fitar da shi daga Najeriya a 2018. Guntun da ke kwance a shago a yi amfani da shi, amma ƙungiya ba za ta aika a saro sabo ba. Ƙarafa kuwa wasu mun cire daga matattun filen ƙarfe, wasu maƙera suka buga mana daga tsohon sifirin mota. Na maƙera sun zo iri biyu, wani ya yi tauri har bakinsa yana ɓarewa, wani ya yi laushi yana lanƙwashewa. Da muka koma muka zauna da su a kan yadda ake kashe ƙarfen a mai a sake ɗumama shi, zubi na biyu ya fi kyau nesa ba kusa ba.

Sai hunturu ya zo ya yi mana nasa darasin. Gangunan da muka sassaƙa da damina, icen bai gama bushewa ba. Iska na kaɗawa suka tsuke ta faɗi, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai ganga ta shaƙe shi. Wasu suka tsage a kunci, wasu tafinsu ya murɗe. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka bar wa ƙarfe ɗan sarari a gefe, kuma masu su suna sassauta weji in za a tashi daga aiki. Gyaran tafi ba wuya: a manna sanfefa a kan gilashi mai kauri, a ja ƙarfe ciki amma a bar shi ɗaure da weji yadda ganga za ta kasance a matse kamar lokacin aiki, a goga. Sai dai kowace guga tana ƙara buɗe baki, kuma filen gamawa mai wangamemen baki ba ya hana ɓantara. In ya kai haka sai a fafe gaban bakin a dasa guntun kanya. Kyandir kaɗan a tafi yana sa shi gudu. Bana mun yanke icen baɗi tun yanzu, mun shafe kawunansa da fenti, yana jingine a inuwa.

Wani yaro ya nuna mana a waya yadda kafintocin Japan suke jawo nasu filen zuwa jikinsu maimakon turawa. Baba ya kalla har ƙarshe ya ce saitin dai ɗaya ne, guduma ce. Wani ɗan'uwanmu da ya yi aiki a Maraɗi kuma ya ce da Faransanci sunan abin rabo, aka ce to Allah ya sa muna da rabo a ciki.

Ra'ayina, wanda ba dole ne ya zama na kowa ba: kada mu ruɗi kanmu cewa filen hannu zai maye inji. Wanda aka ba kujerun makaranta ko ƙofofin rukunin gidaje, inji zai nema ko nawa ne mai. Amma gyaran ƙofar da ta kumbura, haɗa gefen tebur, fuskar sif, aikin da ake zuwa yi a gidan mutane, duk waɗannan ba su cancanci a tayar musu da janareta ba. A makonnin duhun Oktoba, shagunan da suka halarci zaman ba su rufe ba. Aiki ya ragu, amma an fitar da kayan amare. Kuma fuskar da kaifi ya yanka tana karɓar fenti da kyau, ga sauƙin sanfefa, wadda ita ma kuɗinta ya tashi.

Sauran ayyuka a taƙaice. Kwamitin sulhu ya zauna a kan ƙorafe-ƙorafe tsakanin membobi da masu ba da aiki, kusan duka a kan abu biyu ne, saɓa alkawarin rana da aiki da ɗanyen katako. An sasanta ba tare da an je gaban hukuma ba, sai guda ɗaya da har yanzu ake kai. Iyaye sun ja kunne a kan karɓar kafin alƙalami a kashe shi a wani aikin, don shi ke ɓata mana suna gaba ɗaya. An yaye yaran da iyayen gidansu suka gabatar, kuma taro ya amince daga baɗi ba za a yaye yaro ba sai ya wasa ƙarfe ya saita filen a gaban dattawa. Adashe ya zagaya lafiya. Kuɗin wata ne ke tafiyar hawainiya. Ma'aji ya so a karanta sunaye, shugaba ya roƙa a ƙara wata ɗaya. Maganar sayen katako a dunƙule don samun rangwame ba ta tashi ba bana, laifin kwamitinmu ne da bai zauna ba, mun mayar da ita ajandar taron farko.

Zaman Juma'a zai ci gaba har zuwa azumi. Mai tsohon ƙarfen filen da ke kwance a akwati, ko ya yi tsatsa, ya zo da shi. Waɗanda suka ari dutsen wasa na ƙungiya su biyu ne, sun san kansu, a dawo da shi shagon shugaba kafin zama mai zuwa.

Wassalam.
Magatakardan ƙungiya