Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus, Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan tsutsar ciki, wadda hukumarka ta ƙiyasta tana jikin mutum kusan biliyan 1.5. Da yake ba ta cika kisa nan take ba, ana raina ta. Amma malaman firamare sun san aikinta: yaro ga tulelen ciki ga siraran ƙafafu, in ka ja fatar idonsa ka ga fari fat saboda ƙarancin jini, ana karatu yana gyangyaɗi.

Rabon magani a makarantu ya taimaka ƙwarai. Ƙwaya ɗaya ta albendazole mai miligiram 400, ko mebendazole mai 500, sau ɗaya a shekara inda cutar ta haura kashi 20 cikin 100, sau biyu inda ta haura 50. Sai dai wa ake tararwa a aji ranar rabo? 'Ya'yan al'ummomin asali, irin su Orang Asli na Malesiya da mazauna dajin Amazon, da yawansu makaranta ta yi musu nisa, alhali a cikinsu cutar ta fi yin katutu.

Wanda ma ya haɗiyi ƙwayar, gida zai koma. Inda babu masai, ƙwan tsutsa na bin bayan gida ya zauna a ƙasa, cikin 'yan makonni ya nuna, ya koma baki ta hannun da ba a wanke ba. Tsutsa mai tsotsar jini kuwa ta tafin ƙafa take shiga, in yaro na yawo ba takalmi. Kafin zagaye na gaba ciki ya sake cika. Ga kuma tsutsar Trichuris, wadda ƙwaya ɗaya ba ta cika kawar da ita ba, balle giardia, ƙwayar cutar gudawa da ke zuwa ta gurɓataccen ruwa.

Tunda shirinku na yaƙi da cututtukan da aka yi wa sakaci ya sa shekarar 2030 a gaba, ina roƙon ka sa ƙasashe su riƙa fitar da alƙaluman waɗannan al'ummomi daban, kada matsakaicin lissafin ƙasa ya rufe halinsu. A horar da 'ya'yansu su kai magani gida-gida da harshensu. Kuma duk ministan da ya zo maka da adadin ƙwayoyin da ya raba, ka tambaye shi masai nawa da rijiya nawa aka gina a ƙauyukan da aka yi rabon.

Wassalam,
Mai kishin lafiyar yara