Ganin Kore a Manhajar Sa Ido Ba Shi Ne An Gama Aiki Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan'uwana masu kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta a ofisoshi, makarantu da asibitoci. Da yawa yanzu sun girka manhajar sa ido, wato mai bibiyar lafiyar na'urori ta kuma faɗakar idan an sami matsala, irin su Zabbix, LibreNMS, PRTG ko Nagios, kuma abin a yaba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda ake shigar da na'urori cikinta: a rubuta adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a hanyar sadarwa, a ga alama ta yi kore, a tashi a tafi. Sau da yawa koren nan amsar ping ce kawai, ɗan saƙon da ake aika wa na'ura a ga ko za ta amsa, wato na'urar na kunne. Bai gaya maka faifai ya kusa cika ba, ko fanka ta tsaya, ko wani ramin da ake soka waya a suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna, yana zubar da bayanai.

A kan na'urar ake fara aiki kafin a taɓa manhaja. A ba ta adireshin da ba ya canzawa, ko a keɓe mata shi a DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi. Idan ba haka ba, ranar da adireshin ya koma kan wata kwamfuta, manhajar za ta ci gaba da tara bayanan wata da sunan wata. A sa mata suna mai ma'ana, a cike gurbin da ke faɗin inda take, gini da ɗaki, domin wanda faɗakarwa za ta tasa da tsakar dare ba lallai ne shi ya kafa ta ba. A daidaita agogonta da NTP, tsarin saita agogo ta hanyar sadarwa, don lokutan da ke rubuce su zo ɗaya da na sauran.

Sai SNMP, hanyar da manhajar ke tambayar na'ura halin da take ciki. Tambaya tana bi ta ƙofa ta 161 ta UDP, saƙon gaggawa da na'ura ke turowa da kanta kuma ta 162, don haka a buɗe su a katangar tsaro (firewall), wadda ke tace abin da ke shiga da fita. Shawarata a yi amfani da siga ta 3 ta SNMP, wadda ke tantance mai tambaya ta kuma rufe bayanai da AES, wani tsarin ɓoye bayanai. Kalmar sirrinta kada ta gaza haruffa 8. Idan tsohuwar na'ura ce da ba ta wuce siga ta 2, wato v2c, ba, a sani kalmar sirrinta a fili take tafiya cikin waya. A cire kalmar sirrin "public" da take zuwa da ita daga kamfani, a ba da izinin karatu kaɗai, a kuma taƙaita amsa ga adireshin sabar sa ido, wato kwamfutar da manhajar ke kanta. A nan mutane ke ɓata awanni: idan kalmar v2c ba daidai ba ce, na'urar ba ta cewa an yi kuskure, shiru kawai take yi, sai a zaci waya ce ko katangar tsaro. A gwada da snmpwalk, umarnin da ke jero bayanan SNMP na na'ura, daga kan sabar sa idon kanta. Idan bayanai suka fito, sannan a shigar.

Akwai matsalar da ta fi ɓoyuwa, ita ce ta ƙidayar bayanan da ke wucewa ta kowane rami. Tsohuwar ƙidaya mai bit 32 tana cika idan ta kai bayit 4,294,967,296, sai ta koma sifili, kamar mitar tafiya ta mota idan lambobinta suka ƙare. A layin megabit 100 da ya cika, hakan na faruwa cikin ƙasa da minti 6. A layin gigabit 1 kuwa, daƙiƙa 34 ta isa. Manhajoji da yawa kowane minti 5 suke tambaya, ke nan a layin gigabit ƙidayar ta zagaya sau da dama kafin a sake dubawa, zanen da ke nuna yawan bayanan ya fito da ƙarya, ya nuna layin da ya shaƙe kamar ba kowa a kansa. Maganin shi ne ƙidaya mai bit 64, kuma siga ta 1 ba ta iya ɗaukar ta. Wannan kaɗai ya isa dalilin barin siga ta 1. Haka ma lissafin tsawon lokacin da na'ura ta yi a kunne yana komawa sifili bayan kwana 497, manhajar ta ce an sake kunna ta alhali ba wanda ya taɓa ta.

Wasu na'urorin suna sauya lambobin da suke ba ramukansu idan an sake kunna su ko an ƙara kati. Sai zanen rami na 3 ya koma ɗauke da bayanan wani ramin. A na'urorin Cisco umarnin snmp-server ifindex persist yana hana wannan.

Binciko na'urori kai tsaye, ta zagaya jerin adireshi ko ta LLDP da CDP, hanyoyin da na'urori ke sanar da maƙwabtansu kansu, yana rage wahala, amma a yi masa iyaka. In an sake shi, zai kwaso firinta da wayoyi da kwamfutocin hannu da ake kashewa kullum da yamma, allon ya cika da ja marar amfani. Haka ramukan suwic: a sa faɗakarwa a kan waɗanda ke haɗa suwic da suwic, da na saba, da na intanet. Ramin da ma'aikaci ke cire wayarsa idan zai tashi ba ya bukatar a tashi kowa saboda shi.

Abin da na fi so a kula da shi shi ne a gaya wa manhajar wace na'ura ce ta dogara da wace. Idan rauta ɗaya, na'urar da ke haɗa hanyar sadarwa da wata, ta mutu da na'urori 40 a bayanta, saƙo ɗaya ya kamata ya zo mai cewa rautar ce. Idan ba a tsara ba, saƙo 41 zai shigo, a rasa na gaskiyar a ciki, bayan 'yan makonni kuma ma'aikata su daina buɗe saƙonnin kwata-kwata. Nagios yana da gurbin uwar na'ura, Zabbix yana da dogaron faɗakarwa. Kada kuma ping ɗaya da ya ɓata ya zama dalilin faɗakarwa. A jira ya faɗi sau 3 a jere. Idan za a yi gyara, a sanar da manhajar lokacin tun kafin a kashe komai.

Na'urar da aka daina aiki da ita a dakatar da sa ido a kanta, kada a yi saurin goge ta, don tarihinta zai tafi tare da ita, kuma shi ne hujjarka ranar da za ka nemi a ƙara girman layi. Wadda aka maye gurbinta da sabuwa a kan adireshi ɗaya kuwa, a sa manhajar ta sake binciken ta daga farko, domin ramukan da ma'aunan zafin da ke cikinta ba na tsohuwar ba ne.

Na gode.

Daga mai karanta jaridarku,
ma'aikacin kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta.