Wasiƙa Zuwa Nima: Maganar Ɗanka da Ɗalibar da Ta Auna Bangon Shagona

Kano, farkon damina.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da sauran mutanenmu na unguwar Nima, can Accra ta Ghana. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ruwa ya sauka sau uku, zafi ya yi sauƙi, kasuwa kuwa sai a hankali.

Saƙonka ya iso, na kuma ji damuwarka a kan babban ɗanka. Ka ce ya gama jami'a, hidimar ƙasa ta zo, kai banki kake so a tura shi, shi kuma ya kafe sai inda ake aikin rigakafin ambaliya da gobara tare da 'yan kasuwa. Ka ce in ba shi baki. Ka gafarce ni, mutumina, a wannan karon bayan yaron nake. Ga abin da idona ya gani.

Bara aka kawo wa ƙungiyar layinmu wata ɗaliba, ta zo horon sanin makamar aiki na wata shida, wanda yara ke kira IT. Da sakatare ya gabatar da ita, na ɗauka za ta zauna ofis ne tana buga takardu. Kwana uku sai ga ta a ƙofar shagona da tef ɗin awo irin na tela da littafi a hannu. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Baba Alhaji, ina ruwa ya tsaya muku a shekarar da ya shigo?" Na nuna mata. Ai shatin yana nan har yau, wani layi mai duhu a jikin bango da fenti ya kasa rufewa. Ta durƙusa ta auna, ta rubuta, sannan ta juya ta dubi dilolin atamfa da na jera a ƙasa a kan buhu. Ba ta ce komai ba sai da na dubi abin da take duba. Diloli biyu na ƙasa gaba ɗayansu suna ƙarƙashin shatin. Shekara biyu ina wuce bangon nan kullum, ban taɓa haɗa shi da kayan da na sake jerawa a wurin ba.

Haka ta bi shago shago. Ta duba tukunyar kashe gobara ta maƙwabcina, ta nuna masa kwanan watan da ke jikinta, ya wuce da daɗewa. Ta tambayi mai gadi wa zai kira in ya ga hayaƙi ƙarfe biyun dare, ya ce shi dai ihu zai yi. Ta auna faɗin layin, ta ƙirga teburan da aka baje a tsakiya, ta ce mana motar 'yan kwana-kwana ba za ta shiga ba ko da ta zo a kan lokaci. Amma abin da ya fi taɓa ni littafin bashi ne. Ka san mu, dukiyarmu rabi tana shago, rabi tana hannun mutane, shaidar kuwa wannan littafin ne mai bangon kwali da ke kwana a durowa. Ta ce in ruwa ko wuta ta ci shi, da me zan bi kuɗina? Ranar da yamma muka zauna, yarona yana buɗe shafi tana ɗaukar hoto da waya, har aka kira magariba. Yanzu duk Juma'a yake yi, yana tura wa wayar gida.

Ita ta fahimtar da ni cewa wannan aiki yana da tushe a duniya. A watan Maris na 2015 ƙasashe suka taru a birnin Sendai na Japan, suka amince da wani tsari na rage haɗarin bala'o'i zuwa 2030, kuma a cikinsa an ambaci kamfanoni da 'yan kasuwa ƙarara, ba gwamnati kaɗai aka ɗora wa nauyin ba. A shekarar ce ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wannan fanni, UNDRR, ya kafa ƙawancen kamfanoni da ake kira ARISE. Dalilin a fili yake. Mafi yawan gine-gine da sito-sito da masana'antu na masu zaman kansu ne, su ke zaɓar inda za a kafa su da yadda za a gina su. Ta ba ni labarin ambaliyar Tailan ta 2011, da ruwa ya shanye unguwannin masana'antu a yankin Ayutthaya. Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar a dala biliyan 46.5, kusan kashi 90 cikin ɗari a wuyan masu zaman kansu, har farashin ma'ajiyar bayanan kwamfuta ya tashi a duniya, don a can ake ƙera kaso mai yawa. Na ce mata ba sai mun je Tailan ba. Kasuwar Sabon Gari ta ƙone a Maris na 2016, dubban shaguna suka tafi. Ruwa ya shiga Kantin Kwari a Agustan 2022. Kasuwar Monday Market ta Maiduguri gobara ta cinye ta a Fabrairun 2023, mutane ba su gama farfaɗowa ba madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024. Ku ma can ba baƙi ba ne ga wannan. Na tuna yadda muryarka take rawa da ka kira ni bayan daren 3 ga Yunin 2015, da ruwa da wutar gidan mai suka haɗu a Circle da ke Accra, aka rasa sama da mutum 150. Ga kuma gobarar kasuwar Kantamanto a Janairun 2025.

To a nan ne nake ganin amfanin yara irin ɗanka. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina duk shekara, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, tana faɗin jihohin da ambaliya za ta iya shafa. Bayanan suna nan, da Turanci, a takardu masu kauri. Mu kuma muna kasuwa, ba mai lokacin karantawa, wanda ya ji a rediyo ma bai san me zai yi da shi a shagonsa ba. Sai an sami mai ƙafa da haƙuri, wanda ya karanta abin kuma yake jin harshenmu, ya tsugunna a gaban bango da tef. Babban jami'i ba zai yi wannan ba. Mai koyon aiki shi ke yi, kuma a nan shi ma yake koyon abin da ba a koya masa a aji ba. Yarinyar nan da bakinta ta ce ba ta san yadda bashi ke tafiyar da kasuwa ba sai da ta zauna da mu, ba ta kuma san dalilin da ya sa muke gudun inshora ba. Da ta gane maganar riba da caca ce ke damun mutane, sai ta nemo wanda ya zo ya yi mana bayanin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci. Wasu sun shiga, da yawa ba su shiga ba. Ni ina kan tunani.

Ranar taron ƙungiya wani ya tashi ya ce duk wannan wahalar banza ce, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Kafin ta buɗe baki, dattijon da ke mana limanci ya tuna masa hadisin mai raƙumi, wanda aka ce ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Aka yi karo-karo, aka yashe kwatar layin, kafinta ya buga mana dandamalin katako da ya ɗara shatin ruwan da taƙi ɗaya.

Ba zan ɓoye maka inda aka gaza ba. Babbar magudanar da kwatarmu ke zubawa cikinta har yanzu cike take da leda, ta fi ƙarfin aljihunmu. Teburan tsakiyar layi an janye su sati biyu, suka dawo, don masu su ba su da wani wurin neman abinci, ni kuwa ba ni da zuciyar korar su. Yarinyar kuma wata shida ta yi ba albashi, sai ɗan kuɗin mota da muke haɗa mata. Wannan yana ci mini rai. Ko a manyan ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya an daɗe ana kukan rashin biyan masu horo, birni kamar Janiba kuwa ɗan talaka ba zai iya zama cikinsa da aljihunsa ba. Mu 'yan kasuwa da muke cin moriyar aikin, ya kamata mu riƙa biya, kuma na faɗa a gaban shugabanninmu.

Saboda haka shawarata ita ce ka bar shi. Ya gwada NADMO, hukumarku ta kula da bala'o'i, ya gwada ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ko ta masu masana'antu ta AGI, ko wani kamfanin inshora. Abu ɗaya kawai zai tambaya kafin ya karɓa: za a fita da shi cikin kasuwa da sito, ko kujera za a ba shi? In kujera ce, gara bankin naka. Ka kuma taimaka masa da kuɗin mota, kada ya ji kunyar tambaya.

Kai ma ka duba sitonka na kayan masarufi. Na san buhunan shinkafarka a ƙasa suke, na gani da na zo. Ka sa shi ya fara da kai, ya auna, ya ɗauki hoton littafin bashi.

Ka ba shi lambata ya kira ni, zan haɗa shi da sakatarenmu ya turo masa irin takardar tambayoyin da yarinyar ta bari. Shaddar Hajiya tana nan na ajiye, a saman kantar shago, sai an sami mai zuwa. Ka gaishe ta, ka gaida Malam da mutanen masallaci. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da dukiyoyinmu.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Kano